Wanda Zai Wanke Malam Sabo

Makarar unguwar a zauren Malam Sabo take zama. Tana jingine da bango ta hannun dama in ka shigo, an lulluɓe ta da tsohuwar tabarma, ƙafafunta biyu sun leƙo ta ƙasa. Ranar da Iliya ya fara shiga gidan da akwatinsa a ka, da ita ya fara cin karo.

"Bi a hankali, kada ka tashe ta," in ji tsohon da ke zaune a kan buzu yana ɗinkin babbar riga. "In ta tashi ba ta fita ita kaɗai."

Iliya shekararsa goma sha tara a lokacin. Daga wani ƙauye yake a ƙasar Ikara, gidan Hausawa ne waɗanda suka karɓi addinin Kirista tun zamanin kakansa. Ya sami gurbin karatu a kwaleji a Zariya, ya iske ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika, hayar kusa da makaranta kuwa ta fi ƙarfin mahaifinsa. Jumare direba, abokin mahaifin nasa tun suna yara, shi ya ce ya san wani dattijo a cikin birni mai shago a zaure ba kowa a ciki. Jumare Musulmi ne, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Sai da suka zo dab da Ƙofar Doka ya rage tafiya, ya dubi Iliya.

"Ka ga, cikin birni za mu shiga. Ba wanda zai tambaye ka addininka, don ba wanda zai yi zaton akwai abin tambaya. Kai Bahaushe ne, sunanka Iliya. Bulus ɗin babanka ka bar shi a rajistar makaranta, ka ce Iliya Ɗanlami, ai kakanka ne. Ban ce ka yi ƙarya ba. Shiru na ce ka yi."

Iliya ya ga shiru abu ne mai sauƙin ɗauka. Bai san yana ƙara nauyi a hanya ba.

Malam Sabo da matarsa Inna Hajara su biyu ne a gidan. 'Ya'yansu maza ba su rayu ba. Idon Malam ya soma dushewa, yana iya bin zanen riga da yatsa amma ba ya ganin kafar allura, don haka kowace safiya kafin Iliya ya tafi aji sai ya zura masa zare a allura biyar, ya soke su a jikin buzu. Tun daga nan tsohon ya laƙaba masa Iliyasu, Inna kuma ta fara aiko masa da tuwo ba tare da ya roƙa ba.

Makon farko ya tsere wa lokutan salla. Yakan fita da sassafe, ya daɗe a ɗakin karatu. Amma ranar wata Asabar da la'asar ladan ya yi kira suna zaune tare, Malam ya miƙo hannu a tashe shi, ya turo masa buta da ƙafa. Iliya cikin Musulmi ya girma, ya san alwala kamar yadda ya san riƙon fartanya. Ya duba butar, ya duba ƙofa. Sai ya tsuguna.

A sahun baya ya tsaya. Bakinsa na motsi da addu'ar da mahaifiyarsa ta koya masa, goshinsa na taɓa tabarma tare da na kowa. Ya ce wa ransa ai Allah zuciya yake dubawa. Wani gefen ransa ya amsa masa: to, ashe ya ga abin da ya sa ka tsuguna.

Ran Lahadi yakan ce zai je karatu da 'yan ajinsu. Sai ya bi ta wajen Kufena, dutsen na binsa da kallo, ya gangara Wusasa ya shiga majami'a. Can ma bencin baya yake zama. In aka zo Jibin Ubangiji, aka miƙo masa gurasar da ƙoƙon, sai ya sunkuyar da kai ya bari su wuce. Da azumi ya zo ya yi tare da mutanen gidan, ya ce ai Kirista ma yana azumi. In mahaifiyarsa ta bugo waya ta ce, "Kana dai riƙe da Almasihu ko?" sai ya ce, "Ina riƙe, Mama," da ƙaramar murya, yana waiwayen ƙofa.

Ɗinki sana'a ce kawai ga Malam Sabo. Aikinsa na gado shi ne wankan gawa. In namiji ya rasu a unguwar shi ake kira, kamar yadda ake kiran mahaifinsa a da, kuma bai taɓa karɓar ko goro a kai ba. Samarin unguwa sukan ɗauki makara, su haƙa kabari, amma ba mai yarda ya shiga bayan tabarmar da ake kewaye gawa da ita. Ko Rilwanu, ɗan ƙanensa, mai rumfar gyaran waya a Ƙofar Doka, da an taso da zancen sai ya mayar da shi raha.

"Baba, ni fa wayar da ta mutu nake taɓawa, don ina iya tashinta. Naka kuwa ba wanda ya taɓa kamawa."

"Kai ma batirinka yana ƙarewa, ɗan nema," in ji Malam.

"To kafin nan dai ga Iliyasu. Wannan ko aljani ya gani sai ya tambaye shi ya gida."

Haka abin ya faro, da wasa. Rannan aka yi rasuwa, ba mai jawo ruwa, Iliya ya jawo. Karo na biyu ya daka ganyen magarya da ake zubawa a ruwan. Karo na uku Malam ya ce ya shigo ya riƙa zuba masa da buta. Iliya ya zaci zai ji tsoro, sai ya ji wata irin natsuwa da bai samu a masallaci ko a majami'a ba tun zuwansa, domin a nan ne kaɗai ba ya ɓoye wa kowa komai. Mamaci ba ya tambaya.

Malam yakan yi aiki yana magana ƙasa-ƙasa. A rufe tsiraici tukuna. A naɗe hannu da tsumma. A fara da dama. A juya shi a hankali kamar mai barcin da ba a so ya farka. Ruwan ƙarshe da kafur. Ranar da suka fito daga wankan wani attajiri da suka ga tabon duka a bayansa, tsohon ya riƙe wuyan hannun Iliya a bakin rijiya.

"Abu biyu zan faɗa maka, su ne duk aikin. Abin da mai wanka ya gani a bayan tabarma ba ya fita da shi, ko matarsa ba ta ji. Na biyu, gawa amana ce. Mai rai in ka cuce shi zai kai ƙara wurin mai unguwa. Wannan ba shi da baki sai a gaban Allah, kuma can zai yi magana."

Damina ta kankama. Katangun ƙasa suka sha ruwa suka yi nauyi, wata tsaga ta buɗe a bangon zauren daga saman makara har ƙasa, kullum Inna na cewa a kira magini, kullum Malam na cewa sai an ɗauke ruwa. A cikin wannan watan Garba ɗan dako ya mutu. Baƙo ne daga ƙauye, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu a wani ɗaki wajen Ƙofar Galadima, ba ɗan'uwa ko ɗaya da ya zo. Suka shiga bayan tabarma su biyu. Malam ya ɗauki tsumman, hannunsa na dama ya ƙi tsayawa, yana karkarwa kamar ganye. Ya sake gwadawa, tsumman ya faɗi.

"Naɗe hannunka," ya ce.

"Malam, ni?"

"Akwai wani a nan ban da kai da shi?"

Iliya ya buɗe baki. Saura kaɗan ya faɗi gaskiyar addininsa. A waje mutane na jira, yana jin tarinsu da motsin takalmansu a cikin taɓo. Ya ɗauki tsumman ya naɗe hannunsa.

Ya wanke Garba da kyau. Ya bi tsakanin yatsun ƙafar da suka tsattsage, ya bi kafaɗar da kaya suka yi wa kanta, bai yi gaggawa ba. Da suka gama Malam ya tattara tsumma da buta. Sai a hanya, suna tafe a bayan makara, ya ce, "Shekara arba'in ina roƙon Allah hannu irin wannan."

Bayan mako biyu ƙafafun Malam suka kumbura. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da ƙwayoyi a leda da kuma irin shirun da likita kan yi. Ya daina zuwa masallaci. Wata Juma'a da hantsi ya kira Iliya, ya sa ya jawo adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai farin yadi a ninke, ya ɗan yi ja a bakin ninkin saboda daɗewa, da ƙullin kafur.

"Nawa ne," in ji Malam. "Kai za ka wanke ni. Na faɗa wa liman, na faɗa wa Hajara. Ko kana aji, ko ka tafi gida hutu, kada a taɓa ni sai an kirawo ka."

"Allah ya ba da lafiya, Malam."

"Amin. Ba amsar ke nan ba."

"To," in ji Iliya.

Daga ranar karatu ya ƙi shiga. Yakan zauna a aji malami na rubutu a allo, shi kuwa yana ta juya magana ɗaya. A addininsa ruwa ba ya kai mutum ko'ina, ko wa ya zuba shi. In ya yi shiru, tsohon zai mutu da kwanciyar rai, a wanke shi da hannun da ke ƙaunarsa. In ya yi magana, zai ƙwace masa wannan kwanciyar ran a kwanakinsa na ƙarshe, ya ɗora masa Garba a kai. To ina tausayin yake? Sau da yawa yakan kai ga cewa shiru ne tausayi, ya numfasa. Sai ya tuna mutumin nan ya wanke ɗaruruwa, bai nemi komai ba sai abu ɗaya: shi ma ya je gaban Ubangijinsa a wanke yadda ya yi imani, da hannun Musulmi. Kuma a ranar ba zai iya buɗe ido ya ce a'a ba. Wanda ba ya iya cewa a'a, yardarsa ba taka ba ce ka ɗauka.

Ya buga wa Jumare waya daga bayan ajinsu, ya faɗa masa duka.

"Salla ka ce ka yi? A sahu?"

"Wata bakwai."

"Iliya, shiru na ce ka yi, ban ce ka tsuguna ba. Ka san bambancin? Wanda bai taɓa salla ba Kirista ne, shi ke nan, maƙwabci ne. Wanda aka gani a sahu wata bakwai ya dawo ya ce ba ya ciki, wani suna ne da shi, kuma ba kowa zai tsaya ya ji bayani ba. Ka tattara kayanka ka fita. Kada ka yi sallama da kowa."

"Ya ce kada a taɓa shi sai na zo."

"Su jira su gaji. Wani zai wanke."

Ran Lahadi bai je Wusasa ba. Ya zauna a shagonsa ya rufe ƙofa, ya so ya yi addu'a, ya ga duk kalmomin da ya sani ya riga ya yi amfani da su a matsayin mayafi. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ya Yesu, na ji kunyarka a gaban mutane. Ga shi yanzu ina jin kunyar kaina." Ba abin da ya sauko masa. Ruwa ne kawai ke ɗiga daga indararo.

Litinin da safe ya haɗa akwatinsa. Niyyarsa ya bi shawarar Jumare. Ya fito zaure, sai ya iske an fito da Malam an jingine shi da bango a kan buzunsa, rigar da bai gama ba a cinyarsa. Hadari ya haɗo ta gabas, zauren ya yi duhu kamar magariba alhali ko ƙarfe tara ba ta yi ba.

"Iliyasu, zo zura mini zare. Yau na ji ƙarfi."

Ya ajiye akwatin a hankali, amma ƙarfen hannun akwatin ya yi ƙara. Ya durƙusa, ya ɗauki allura. Sau uku yana kai zaren yana kuskure.

"Kai ma idon ya tafi?" in ji Malam. "Akwati na ji. An yi hutu ne?"

Hanya ce a buɗe. In ya ce i, ya wuce. Iliya ya dubi yatsun tsohon, kumburarru, suna lalubar zanen rigar. Ya ajiye allurar.

"Malam, ba zan iya wanke ka ba."

"Tsoro ya zo? Yakan zo in na gida ne. Zai wuce."

"Ba tsoro ba ne. Sunan mahaifina Bulus. Ni Kirista ne, Malam. Tun da na shigo gidan nan Kirista ne ni, ban taɓa zama wani abu ba."

Yatsun suka tsaya. Ruwa ya fara sauka a waje, ɗaya-ɗaya, manya. Tsohon bai ɗago ba, bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi komai daga abin da Iliya ya kwana biyu yana tsammani ba. Da ya yi magana, kalma ɗaya ce.

"Garba."

"Ni na wanke shi."

"Na sani. Ina wurin. Ni na ce ka naɗe hannu." Ya numfasa da ƙyar. "Malamai sun yi magana a kan inda ba a sami Musulmi ba, a daji ko a baƙuwar ƙasa. Amma a cikin birnin Zazzau, mutum talatin na tsaye a waje? Baƙo, ba uwa ba uba, ya faɗo hannuna. Zai tambaye ni."

"Ni ya kamata ya tambaya."

"Za a tambaye ka naka. Nawa daban." Ya juyo da dusassun idanunsa. "Sallar da kake yi a bayana, wa kake yi wa?"

"Addu'ata nake yi a zuci."

"To ka cuci gida biyu. Ka shigo namu da takalmi, naka kuma ka bar shi ba mai shara." Ya yi tari. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Da ka zo ranar farko ka ce kai Kirista ne, mai yiwuwa da ban ba ka ɗakin ba. Mai yiwuwa kuma da na ba ka. Ban sani ba. Kai ka hana ni sani."

Wannan ta fi duka zafi. Iliya ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan buzun.

"Me ya sa ka faɗa? Akwatinka na hannu. Da ka wuce."

"Ka ce gawa amana ce."

Aka yi motsi a ƙofar da ke shiga cikin gida. Rilwanu ne, ya kawo wa Inna saƙo tun da safe, yana tsaye da kwanon koko a hannu. Fuskarsa ba ta mai raha ba ce yau.

"Baba, wannan ba maganar gida ba ce. Maganar unguwa ce. Mutane sun haɗa kafaɗa da shi a sahu. Ya taɓa mamatansu."

"Ajiye kwanon," in ji Malam. "Zo nan." Rilwanu ya matso. "Iliyasun da na sani ya rasu yanzu a zauren nan, ni da kai muka gani. Ka san dokar gidanmu a kan abin da aka gani a bayan tabarma."

"Ni ba mai wanka ba ne, Baba."

"Daga yau kai ne. Ba ni da wani."

Rilwanu ya ajiye kwanon. Ya dubi makara, ya dubi Iliya, irin kallon da ba a iya karantawa.

"Kai kuma," in ji Malam, bai ambaci suna ba, "ɗauki akwatinka. Fita yanzu da ido na ganin ido, ta ƙofar gaba, kamar mai tafiya hutu. Kada ka tsaya gaisuwa."

Iliya ya ɗauki allurar, ya zura zaren a karo ɗaya, ya soke ta a buzu. Ya fita cikin ruwa.

Wani ɗan ajinsu ya ba shi gefen katifa a ɗakinsa. Kwana goma sha ɗaya yana zuwa aji yana dawowa, duk babur ɗin da ya tsaya kusa da shi sai gabansa ya faɗi. Bai san ko Rilwanu ya riƙe bakinsa ba. Lahadin da ta zo ya je Wusasa, ya zauna a tsakiya. Da aka miƙo gurasar ya karɓa, ya ji ta bushe a bakinsa kamar kowace gurasa, ya haɗiye.

Ran Juma'a da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Rilwanu ne.

"Baba ya cika." Muryar ta dushe. "Ya bar saƙo. Ya ce ruwan kai za ka jawo. Ya ce rijiya ba ta tambayar mai guga. Bayan an sauko daga masallaci za a yi salla. In za ka zo, ka zo. In ba za ka zo ba, ban ga laifinka ba."

"Mutane sun sani?"

"Ni dai ban faɗa ba. Liman ya tambayi dalilin da aka sauya, Baba ya ce jini ya fi kusa. Ko ya yarda, oho."

Iliya ya shiga ta Ƙofar Doka a ƙafa. Lungunan sun cika da taɓo, sama ta yi baƙi ba ta zubar ba. A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi, dattawa na zaune, suka amsa gaisuwarsa, wasu suka bi shi da ido har ya shige. A zaure an yaye wa makara tabarmarta. Inna Hajara na zaune cikin mata, ta ɗago ta gan shi, ta nuna masa rijiya da haɓa. Ya gane Malam ya faɗa mata.

Ya jawo guga bakwai. Ya daka magarya, ya jiƙa kafur a ƙwarya daban, ya kai duka bakin tabarmar da aka kewaye, ya ajiye, ya ja da baya taku ɗaya. Daga ciki yana jin numfashin Rilwanu, sama-sama kamar wanda ya yi gudu. Aka daɗe ba a ji motsin ruwa ba.

"Kana nan?" in ji Rilwanu da raɗa.

"Ina nan."

"Ya koya mini sau goma. Wallahi duk ya gudu. Hannuna ya ƙi."

"Ka rufe shi tukuna. Ka rufe?"

"Na rufe."

"Naɗe hannunka. Fara da dama. Kada ka yi sauri, ba inda za shi sai ka gama."

Haka suka yi, ɗaya a ciki ɗaya a waje, tabarma a tsakani. Iliya na faɗa ƙasa-ƙasa da kalmomin tsohon, ruwa na gangarowa ta ƙarƙashin tabarmar yana bi ta gefen ƙafarsa zuwa rariya. Da ƙanshin kafur ya tashi ya san an gama.

Bayan an sauko daga Juma'a aka fito da makara aka ajiye a filin ƙofar gida. Jama'a ta cika lungun, domin ba gidan da Malam bai taɓa shiga da tsummansa ba. Aka fara jera sahu. Iliya ya koma jikin katanga ya tsaya. Liman, wani dogon dattijo mai farin gemu, ya waiwayo yana duba sahu, ya hango shi.

"Malam Iliyasu, me kake yi a can? Matso gaba. Kai ne ɗansa."

Aka buɗa masa wuri a sahun farko. Wurin na nan a buɗe, daidai faɗin kafaɗarsa, taku biyar daga inda yake. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, tsayuwa ce kawai, ba wanda zai ce ya yi wani abu. Ya dubi farin yadin da ke kan makara.

"Allah gafarta malam, ba zan shiga ba," ya ce. Muryarsa ta fita fiye da yadda ya so. "Ni Kirista ne. Malam ya sani kafin ya rasu."

Kawuna suka juyo, sahu bayan sahu. Wani ya yi salati. Daga baya wata murya ta ce, "Me ya ce?" wata ta maimaita mata, maganar ta bi lungun tana tafiya. Liman ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dubi makara, ya dubi sama.

"Mamaci ba ya jira," ya ce. "A cike gurbin. A daidaita sahu."

Kabbara huɗu ce. Iliya ya san tsawonta, ya san duk bayansu na gare shi, ya san lungun hagu na fita har bakin titi. A ta farko ƙafarsa ta motsa. A ta biyu ya haɗa hannuwansa da suka yi sanyi da ruwan rijiya, ya yi wa tsohon addu'a da tasa addu'ar, a fili, leɓensa na motsi, ba ya ɓoye ta a bayan ta kowa. Ta uku ta wuce. Ta huɗu ta same shi a inda yake.

Aka yi sallama. Aka ɗaga makara. Jama'a ta bi ta gabansa, wasu suka kau da kai, wasu ba su kau ba. Wasu samari uku suka rage tafiya har sai da wani dattijo ya tura su gaba. Rilwanu ya ratso, idonsa ja, rigarsa jiƙe har gwiwar hannu.

"Kada ka biyo mu," ya ce. "In kana so ka tafi, yanzu ne. In ka tsaya, za su dawo da tambaya, kuma ban san da me za su haɗa ta ba."

"Akwai maganar Garba," in ji Iliya. "Malam ba ya nan da zai amsa."

Rilwanu ya dube shi, ya girgiza kai, ya bi makara da sauri.

Iliya ya shiga zaure. Inda ake jingine makara ya bar alama a bango, tsagar nan ta fito fili daga sama har ƙasa. Buzun na nan, allurar na soke a jikinsa da zarenta, ba a yi ɗinki da ita ba. Ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya fuskanci ƙofa, ya bar ta a buɗe. Daga cikin gida kukan mata ya lafa. Ruwan da ya wuni yana haɗuwa ya fara sauka. Can bayan wani lokaci ya ji takun masu dawowa daga maƙabarta a cikin taɓo, yana matsowa, bai iya ƙidaya ko mutum nawa ba ne. Ya miƙe tsaye don su same shi a kan ƙafarsa.